Hankali Ma Sai da Malami

'Ya'yana na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, maza da mata,

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure, ko ya zauna a bencin Islamiyya a ƙasar nan, ya san Ahalari. Shi ne ɗan littafin da ake ɗora wa yaro bayan Ƙawa'idi, kafin Ishmawi da Iziyya da Risala. A cikinsa muka koyi alwala da taimama da ƙabli da ba'adi. Abin da da yawanku ba ku sani ba shi ne, mai littafin nan, Shehu Abdurrahman al-Ahdari, mutumin ƙasar da yau ake kira Aljeriya, yana da wani littafin a waƙe mai suna Sullam, wanda ya tsara a shekarar 941 ta Hijira, wajen 1534, yana ɗan shekara 21. Sullam littafin manɗiƙi ne, wato ilimin ƙa'idojin tunani: yadda ake fayyace ma'anar abu ba tare da an cusa waninsa a ciki ba, yadda ake jera magana biyu a fitar da ta uku, da yadda ake gane hujjar da ke da lam'a. Asalin fannin kuwa daga Girkawa ya zo, daga mutumin da Larabawa ke kira Arisɗo. Hannun da ya koya muku sujadar rafkanuwa shi ya rubuta wannan, kuma bai ga ya yi abin kunya ba.

Na tayar da zancen ne saboda abin da kunne ke jiyowa a majalisun shayi da cikin motocin haya, tun daga Kwanar Ɗangora har Dadin Kowa. Yaro ya yi shekara ɗaya ko biyu a jami'a, ko ma bai je ko'ina ba, waya ce kawai ta shigo hannunsa, sai a kawo masa hadisi ingantacce ya karkace kai ya ce, "Ni fa hankalina bai ɗauka ba." Abokinsa da ke gefe, wanda ya fara bin wa'azi bara, ya daka masa tsawa: "Ai addini ba a sa masa hankali! Falsafa kafirci ce." Murya ta tashi, shayi ya huce, a watse ba wanda ya ƙaru. Ja na farkon gefe ka ce ya faɗa maka mene ne hankalin da yake auna hadisi da shi, ba zai iya ba. Na biyun ma, ce masa ya ambaci littafin falsafa guda da ya taɓa buɗewa, ko ya faɗi wace mas'ala ce a ciki ta zama kafirci, sai ya hau kame-kame. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ƙuƙumi ɗaya ne a wuyan su biyun.

Gardamar nan ta girmi kakannin kakanninku, kuma manyan da suka yi ta ba haka suka yi ta ba. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili ya sauka a Kano, har ya rubuta wa sarki littafi a kan abin da ya wajaba ga masu mulki. Magili gwanin manɗiƙi ne, yana da waƙa a fannin da ya yi wa sharhi da kansa. A daidai lokacin, a Alƙahira, akwai Imam Jalaluddin Suyuɗi, ɗaya daga cikin Jalalai biyun da ake karanta tafsirinsu a masallatanmu duk watan azumi. Shi kuma ya yi fatawa cewa shagaltuwa da manɗiƙi haramun ne. Da labari ya iske Magili sai ya aika masa da baitoci. A taƙaice ya ce masa manɗiƙi hanya ce ta tantance gaskiya. A duba maganar ko daidai ce, kada a yar da ita don kawai wanda ya fara faɗa ba Musulmi ba ne. Suyuɗi ya mayar da amsa shi ma a waƙe, ya tsaya a kan bakansa, ya kafa hujja da hanin da aka yi na bin hanyar waɗanda ba Musulmi ba, sannan ya rufe da gaisuwa da yabo ga Magili, yana kiransa imami. Ahmad Baba na Timbuktu ne ya adana mana wannan musaya. Su biyun sun rasu kusan tare, Magili wajen 1504, Suyuɗi a 1505, ba wanda ya fitar da ɗan'uwansa daga Musulunci a kan wannan.

Shekara talatin bayan haka, al-Ahdari ya tattara saɓanin a cikin Sullam ya ce ra'ayi uku ne. Ibn Salah da Imam Nawawi, mai Arba'una Hadisin da kuka haddace, sun haramta. Wasu suka ce ya kamata ma a koya. Wanda shi ya rinjayar shi ne na uku: ya halatta ga mai lafiyayyar basira wanda ya riga ya goge da Alƙur'ani da Sunna. A kan wannan ra'ayin nake, kuma sharaɗin nan na ƙarshe shi ne rabin nasihata gare ku.

Ita kuma falsafa, kafin ku yi mata kuɗin goro, ku san ba abu guda ba ce. Imam Gazali, mai Ihya'u, wanda ya rasu a 1111, ya zauna ya karance littattafan masana falsafa Farabi da Ibn Sina, ya rubuta littafi guda yana bayyana ra'ayoyinsu tsaf kamar ɗaya daga cikinsu. A Tahafutul Falasifa, wanda ya kammala a 1095, ya kama su a mas'ala 20. A cikin ashirin ɗin uku kacal ya ce kafirci ne: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba sai a dunƙule, da cewa ruhi kaɗai za a tayar ranar ƙiyama ban da jiki. Sauran 17 ya ajiye su a babin bidi'a. Lissafi da manɗiƙi kuwa ya ce ba abin da ya haɗa su da ƙaryata addini, har ya buɗe littafinsa na usulul fiƙhi, Mustasfa, da gabatarwa a kan manɗiƙi. Daga baya Ibn Rushd, alƙalin Kurɗuba, Bamalike, mai Bidayatul Mujtahid da ɗaliban shari'a ke karantawa a jami'o'inmu, ya bi Tahafut mas'ala-mas'ala ya yi masa raddi. A abubuwan nan uku gaskiya tana tare da Gazali. Amma ku dubi yadda aka yi aikin: kowa sai da ya karanta abokin hamayyarsa daga bango zuwa bango kafin ya buɗe baki.

Gazali ya yi wani gargaɗi da ya kamata a rubuta a bangon kowace Islamiyya. Ya ce ɓarna na iya shigowa ta ƙofar lissafi ta fuska biyu. Ɗalibi ya ga yadda hujjojin masu lissafi suke daram, sai ya ɗauka abin da suka faɗa a kan Allah ma haka yake, ya bi su ido rufe. Ko kuma wani masoyin addini marar sani ya zaci taimakon Musulunci shi ne ya ƙaryata duk abin da ya fito daga bakinsu, har bayaninsu na husufin rana da wata. Wanda ya san abin da hujja kuwa ba zai zargi hujjarsa ba, addinin zai fara zargi. Mun ga irin na biyun da idonmu. A 2009 Muhammad Yusuf, shugaban ƙungiyar da aka fi sani da Boko Haram, ya shaida wa BBC cewa su ba su yarda ruwan sama daga tururin da rana ke ɗagawa yake samuwa ba, domin halittar Allah ne, ya kuma yi tababa a kan cewa duniya a mulmule take. Kun san inda wannan tunanin ya kai Borno da Yobe, da makarantun da aka ƙona da yaran da aka kwashe.

Ku da kuka tashi a gefen madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ba sai an kai ku ɗakin gwaje-gwaje ba. Da kaka dam ɗin a cike yake. Zuwa bazara ruwan ya ja baya ya bar taɓo yana tsagewa. Wani an sake shi ta magudana ya tafi gonakin Kadawa, wani kuwa rana ce ta ɗauke shi sama. Faɗin haka bai rage ikon Allah ba ko da ƙwayar zarra. Wa ya halicci ranar? Wa ya ba ruwa ɗabi'ar tashi in ya ji zafi? Wa ya koro girgije ya zubar a duwatsun kudu, ruwan ya gangaro ta dajin Falgore ya sake cika dam ɗin? Malamanmu suna kiran wannan sababi, kuma sanin sababi bai taɓa kore Mai sababi ba. Haka husufin ranar 29 ga Maris, 2006, wanda duhunsa ya rufe Gusau da Katsina da hantsi: masana sun faɗi rana da sa'a tun da daɗewa, Musulmi suka yi sallar husufi yadda sunna ta koyar, ba abin da ya ci karo da wani.

Bari in dawo kan ɗana mai cewa hankalinsa bai ɗauka ba, domin maganinsa yana cikin wani littafi mai 'yan shafuka. Shehu Muhammadu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, shi ya rubuta Ummul Barahin, wanda ake kira Sugura. Daga nan tsofaffinmu suka samo siffofi ashirin ɗin da suke biyawa. Sanusi da masu bin sawunsa sukan fara da raba hukunci gida uku. Akwai hukuncin shari'a: wannan wajibi ne, wancan haramun, wannan makaruhi, ta hanyar wahayi ake saninsa. Akwai hukuncin al'ada: wuta tana ƙuna, wuƙa tana yanka, taki yana sa masara ta yi kyau, yawan gani ne ya koya mana shi, kuma wanda ya gudanar da al'adar yana da ikon keta ta. Sai hukuncin hankali, wanda ba ya jiran gwaji ko ruwaya, shi ma kashi uku. Wajibi shi ne abin da dole ya kasance duk yadda ka juya shi, kamar cewa abin da yake da farko akwai wanda ya fare shi. Mustahili shi ne wanda maganar da kanta take rushe kanta: rabin abu ya fi dukansa yawa, ko ɗa ya riga mahaifinsa zuwa duniya. Ja'izi kuwa mai yiwuwa ne ta kowane ɓangare: a yi ruwa gobe a Kiru, ko kada a yi.

To, ɗana, idan aka ce maka wuta ta zama sanyi ga Annabi Ibrahim, ko an yi tafiyar Isra'i a dare ɗaya, ko za a tayar da ƙasusuwan da suka rududduge, kafin ka ce hankali bai ɗauka ba, tsaya ka tambayi kanka a wane gida abin yake. Akwai tufka da warwara a cikin maganar, irin ta rabin da ya fi duka? Babu. Abin da ke akwai shi ne ba ka saba gani ba. Idonka ne bai ɗauka ba, ka ɗora wa hankali laifi. Da an gaya wa falken Bebeji na ƙarni na 19, lokacin da tafiyar Makka ke cin shekaru, cewa jikansa zai yi asuba a Kano ya yi isha'i a Harami, da ya ce mai maganar ya zautu. Ban ce jirgin sama hujjar Isra'i ba ne, mu'ujiza ba ta bukatar inji. Ina nuna maka ne cewa sabo yana canzawa daga kaka zuwa jika, ba za a ɗora masa hukuncin gaibu ba. Da zarar ka gane abu ja'izi ne, tambayar da ta rage ita ce: labarin ya inganta? Wa ya ruwaito, daga wa, yaya haddarsa, yaya gaskiyarsa? Wannan kuma fanni ne mai zaman kansa da mazajensa, su Buhari da Muslim, kuma shi ma aikin hankali ne, na bincike da kwatanta ruwaya da ruwaya. Ba a yinsa a zaune a shagon caji.

Kai kuma ɗana mai cewa ba a sa wa addini hankali, da me ka gane Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, mai gaskiya ne, Musailama maƙaryaci? Me ya sa shari'a ta ɗauke alƙalami a kan mahaukaci da yaro da mai barci? Koma Suratul Baƙara ka ga yadda Annabi Ibrahim ya ƙure sarkin da ya yi da'awar rayawa da kashewa. Bai zage shi ba, hujjar fitowar rana ya jefa masa, sarkin ya rasa ta cewa.

Fiƙihun da kake tinƙaho da shi ma, cire hankali ka ga abin da zai rage. Mace ta rasu ba ɗa ba jika, ba uwa ba uba, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Abin da ya rage bayan bashi da wasiyya buhun masara 42 ne. Alƙur'ani ya ba miji rabi, buhu 21 ke nan. Ya ba 'yan'uwa matan biyu bisa uku, buhu 28. Haɗa ka gani: 49. A rumbu kuwa 42 ne. Ina za a samo bakwai? In aka fara cika wa miji, matan sun cutu. In aka fara da su, miji ya cutu. Irin wannan ta taso zamanin Sayyidina Umar, ya yi shawara da sahabbai, aka tsaya a kan abin da ake kira auli: maimakon a kasa dukiyar shida, a kasa ta bakwai, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. Kowane kaso buhu 6. Miji kaso uku, buhu 18. 'Yan'uwa kaso huɗu, buhu 24, kowacce 12. Babu ayar da ta ambaci auli. Abdullahi ɗan Abbas ma bai yarda da shi ba, ya kuma bayyana saɓaninsa, amma mazhabobi huɗu duk a kan hukuncin Umar suka tafi. Masarar kanta, da ta cika gonakin Doguwa da Tudun Wada, daga nahiyar Amurka ta fito, ba a san ta a Madina ba zamanin Imam Malik. Malamai ne suka dubi dalilin hukuncin suka riskar da ita da dawa da gero, shi ya sa mahaifinka yake fitar mata da zakka.

Sai dai hankali yana da iyaka, kuma shi da kansa yake shaida haka in an bar shi ya faɗi gaskiya. Sayyidina Ali ya nuna cewa da ra'ayi ake bi, da ƙasan huffi za a riƙa shafa, tunda shi ke taka ƙasa, amma saman aka ga Manzon Allah yana shafa. Me ya sa magariba raka'a uku, asuba biyu? Ba lissafin da zai fitar maka. Ibn Haldun ya kwatanta hankali da ma'aunin zinare: yana da gaskiya, ba ya ha'inci, amma wanda ya ga ya auna zobe daidai ya ce bari ya ɗora masa dutsen Riruwai, shi ke da laifi. Haƙiƙanin zatin Allah, da abin da ke bayan kabari, da sirrin ƙaddara, duk sun fi ƙarfinsa. A irin nan Mu'utazilawa, masu fifita hankali a aƙida, suka zame, suka kuma samu Halifa Ma'amun ya mara musu baya a 833, aka riƙa tilasta wa malamai ra'ayinsu, har aka ɗaure Imam Ahmad ɗan Hambali, daga baya aka yi masa bulala. Masu kiran kansu mutanen hankali ma, da suka samu mulki, bulala suka ɗauka.

Akwai wata cutar kuma da ke kama mai sabon karatu, wadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi fama da ita tun kafin jihadin 1804. A zamaninsa an samu wasu ɗaliban ilimin kalam, wato kafa aƙida da hujjojin hankali, da suka karanta littattafan Sanusi suka bugu da su, suka riƙa tare talakawa da tambayoyin tauhidi irin na littafi. Wanda ya kasa jero hujja sai su ce imaninsa bai inganta ba, har su kafirta shi. Shehu ya san fannin sarai, shi ya karantar da ƙanensa Abdullahi littattafan Sanusi, amma ya tsaya kai da fata cewa imanin talaka ingantacce ne, wanda ya yi kalmar shahada ya bayyana Musulunci ba a tona zuciyarsa. Ɗansa Muhammadu Bello ya ce abin da Shehu ya rubuta a kan mutanen nan ya haura littafi 50. Za ku ce yau ba mai yin haka. Ana yi, littafin da aka bugu da shi ne kawai ya canza. Yaro ya dawo hutu ya dubi kakarsa da ta tsufa a kan sallah da azumi, ya ce aƙidarta da gyara don ba ta iya rabe-raben tauhidi ba. Ɗan'uwansa na boko kuma ya dube ta ya ce camfi ne ya cika mata kai. Tsohuwar nan da ta dubi hadari ta ce ikon Allah, ta riga ku isa inda hujjojin suke son kai ku. Ku yi mata ladabi.

Kada kuma wani ya ruɗe ku cewa gidan Shehu gidan ƙin ilimin hankali ne. A 1826 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya biyo hanyar Zariya zuwa Kano, ya yada zango a Bebeji. Cikin tsarabar da ya ɗauko wa Sarkin Musulmi Bello har da littafin lissafin Iƙlidis na Girka, da Larabci. Wata safiya a Sakkwato ya shiga gaisuwa ya tarar da Bello zaune da littafin a gabansa. Bello ya ce masa ai gidansu sun taɓa mallakar irinsa, wani ɗan'uwa ya kawo daga Makka, gobara ce ta cinye shi. Jikan Shehu ta wajen 'yarsa Hadiza, Abdulƙadir ɗan Musɗafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa, ya rayu daga 1804 zuwa 1864, ya karanci falsafa ya kuma yi rubutu a kanta. Wani Bature matafiyi, Heinrich Barth, da ya gana da shi a 1853 ya ce shi ya fi kowa ilimi a mutanen Sakkwato na zamanin. Duk da haka, a littafin da ya jera alkawuran da ya ɗaukar wa kansa, ya ce a kan ayoyin Alƙur'ani zai gina aƙidarsa, ba a kan hujjojin masu kalam ba. Wanda ya shiga fannin ya fito ke nan. 'Ya'yana mata, ku lura da wadda ta haife shi: malama ce, 'yar'uwar Nana Asma'u. Karatun nan har da ku.

In ɗayanku ya ce shi a bayan Ibn Taimiyya yake, madalla. Ya sani dai raddin da Ibn Taimiyya ya yi wa masu manɗiƙi littafi ne mai kauri da ya bi ƙa'idojinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma yana da wani mai mujalladi wajen goma da ya gina a kan cewa lafiyayyen hankali ba ya karo da ingantaccen nassi. Karanta ko da mujalladi ɗaya kafin ka ari bakinsa ka ci masa albasa.

Ga abin da nake roƙonku. Ku fara gyara karatun Alƙur'ani da fiƙihun ibada, ku riƙe nahawu ko da Ajurumiya ce, domin shubuhohi da yawa a rashin Larabci suke samun gindin zama. Bayan nan aƙida a gaban malami, da ɗan usulul fiƙhi, da ilimin tantance hadisi. Manɗiƙi da falsafa su zo a bayansu. Wanda yake boko kada ya yi wasa da lissafi da kimiyya, kada kuma ya yarda wani ya ce masa karatun kafirai yake yi. In wata tambaya ta tsaya muku a zuciya, kada ku haɗiye ta don tsoron a ce imaninku ya yi rauni, kada kuma ku watsa ta a Facebook inda wanda zai amsa bai fi ku sani ba. Ku rubuta ta ku kai wa malami. In ya kore ku, ku gaishe shi ku nemi wani; Kano ba nisa, akwai zauruka irin na Madabo, akwai Kwalejin Aminu Kano ta shari'a, akwai Jami'ar Bayero.

Ku kuma malamanmu na garuruwa da ƙauyuka, Allah ya gafarta muku, yaron da ya kawo muku tambaya mai wuya ku zaunar da shi. In ba ku da amsa a ranar, Imam Malik ma ya sha cewa bai sani ba. Wanda kuka kora daga zaure akwai mai jiransa a waya.

Bana in an kai amfanin gona gida, aiki ya yi sauƙi, kowannenku ya nemi malamin da zai biya masa Sugura daga farko har ƙarshe. Ana samunta wajen masu sayar da littattafai a kasuwar Kurmi, kuma rani ɗaya ya isa. Allah ya yi muku albarka.